Numfashin Abba da Kayan Ɗakina

Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki, a tsohon garin Maraɗi ta ɓangaren da ƙasa take gangarawa gulbi. Aikina labule ne da zanin gado da rigunan matasai, yawanci na amare. Shi ya sa duk wadda ta san sana'ata, in ta shigo ɗakina sai ta yi turus, don ba abin da za ta gani a ƙasa sai siminti da tabarmar roba, labulen taga kuwa falle ɗaya ne mara nauyi. Wasu su tambaya, wasu su tafi da zancen a bakinsu. Na ga gara in ba da labarin da kaina, don na san a garin nan akwai uwaye da yawa da suke kwana zaune da yaro a cinya yana neman numfashi.

Ɗana na biyu, wanda muke kira Abba saboda sunan kakanshi aka sa mishi, lafiya lau aka haife shi. Yana wajen shekara biyu tari ya fara, kuma ba irin na mura ba da zai yi kwanakinshi ya wuce. Da rana yana ci yana wasa. Sai dare ya raba, can wajen asuba, ya farka da busasshen tari, ƙirji yana fito. In na kara kunne a bayanshi ina jin fiton duk sa'ad da yake fitar da iska. Gari na wayewa sai abin ya lafa, ya tashi yana atishawa hanci na zuba, mutanen gida su ce ai yaron nan ƙalau yake, ke ce da saurin tsorata.

Kowa da abin da ya faɗa. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce haƙori. An kawo zuma da habbatus sauda, an yi tofi, an sha rubutu, kuma addu'a har gobe ba mu daina ba. Maganin tari na kwalba kuwa mun saya har mun gaji. Wata gwaggon maigida ta zo ta leƙa bakinshi ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Maigida yana zaune bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba mai sa wa yaron nan ƙarfe a maƙogwaro." Ranta ya ɓaci, amma maganar ta mutu a nan, ni kuwa har yau ina gode mishi.

Daminar da ya cika shekara uku ce ta kai mu asibiti da gudu. Cikin watan Agusta ne, an jera ruwa, bango ya sha, komai na ɗaki in ka taɓa sai ka ji danshi. A daren nan tarin bai tsaya a tari ba. Yaro ya kasa kwanciya, ya zauna ya dafa gwiwa, kafaɗu suna ɗagawa, tsakanin haƙarƙarinshi yana lotsawa ciki, ramin wuyanshi ma haka. Na ce, "Abba, ina ke maka ciwo?" Ya buɗe baki, kalma ɗaya ba ta fita duka ba. Da na haska fitila na ga leɓenshi ya sake launi, ban jira gari ya waye ba. Maigida ya tado maƙwabcinmu mai kabu-kabu, na goya shi muka ratsa ruwa. A can aka sa mishi abin rufe hanci da baki mai fitar da tururin magani, da iskar taimakon numfashi. Muka yi ƴan kwanaki, aka ce mana asma ce, ciwon fuka da tsofaffi suke faɗa. Duk uwar da ta ga waɗannan alamun, ina roƙonta kada ta tsaya neman zuma ko jiran safiya.

Likitan da ya sallame mu ya fi tambayata ɗaki a kan yaro. "Maman Abba, me ke shimfiɗe a ƙasan ɗakinki?" Na ce kafet, bango zuwa bango. "Tun yaushe?" Na ce tun jeren aurena. Ya tambayi katifa, ya tambayi matasai, ya tambayi bargo, labule, kujeru. Ya tambaya ko ina turaren wuta, ko muna kunna maganin sauro mai hayaƙi, ko akwai kyankyasai, ina ake ɗaure ragon layya, ina ake ajiye harawa. Da farko na ɗauka ƙazanta yake jingina mini, har fuskata ta nuna, don ni mace ce mai shara safe da yamma. Ya lura, ya ce ba zancen tsabta yake ba, kuma ya zauna ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba.

Ya ce hanyoyin iska na cikin huhun mai asma a kumbure suke ko da yana zaune lafiya, abu kaɗan ya taɓa su sai su tsuke, majina ta taru, iska ta rasa hanya. Cikin abubuwan da suke taɓa su akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, ɗayansu bai kai rabin milimita ba, dangin kaska ne da gizo-gizo. Ba sa cizo. Abincinsu ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum, mazauninsu katifa da matashi da kafet da kujerar soso, duk inda yadi ya yi kauri. Kashinsu ne yake gauraya da ƙura, yaro ya shaƙa, jikinshi ya ɗauke shi abokin gaba. Ba sa shan ruwa, daga laimar iska suke samu, shi ya sa da damina suke yaɗuwa, da rani su ragu. Amma ko sun mutu, abin da suka bari yana nan cikin kafet, ga katifa kuma tana shan zufa kowane dare. Kyankyasai ma haka, kashinsu da saɓarsu. Ga fumfunar da ke fitowa inda bango ya jiƙe. Hayaƙi kuwa, na itace ne ko na turare, kai tsaye yake tada ciwon.

Bai yi mini alkawarin ƙarya ba. Ya ce ba kowane mai asma ne ƙwarin nan suke damu ba, amma yaron da ciwonshi yake tashi da dare a kan shimfiɗa, yana atishawa da safe, abin kuma ya fi tsanani da damina, dole a duba inda yake kwana. Ya ƙara da cewa ɗauke kafet kaɗai ba ya warkar da kowa. Sai an haɗa da magani, sai an gyara ɗakin gaba ɗaya, a kuma dawwama a kai.

A nan ne abin ya yi mini nauyi. Namiji zai ce ai kafet ne kawai, a naɗe a fitar. Mace ta san ba haka ba ne. Innata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Tun ina ƴar lakwal take zubin adashe saboda kayan ɗakina, ɗaukar ƙarshe da ta yi a kan kafet ɗin nan ta ƙare, ja mai zanen furanni, ɗan Turkiyya, mai laushin da ƙafa take nutsewa ciki. Ranar jere dangin miji sun shigo sun duba, ba wadda ta samu abin faɗa. Ɗakin mace shi ne fuskar gidansu a gidan miji, kowa ya san haka. Ga kujeru masu rigar karan-miski, ga labule mai ninki biyu da na ɗinka da hannuna, ga babban bargon nan mai nauyi. Duk abin da likita ya lissafa, shi ne abin da nake alfahari da shi.

Ban taɓa komai ba sai da na je gida. Na tarar da Inna tana matsar mai, na zauna na kwashe zancen na faɗa mata, ina sunkuyar da kai. Ta bari na gama, ta goge hannu a zane ta ce, "Ke, ɗiyar nan, don wa na saya? Don ki ji daɗi a ɗakinki na saya. Kina jin daɗin yanzu? Je ki ɗauke shi yau, kada angona ya sake kwana a kai." Na yi kuka a wurin, ita kuma ta koma kan aikinta.

Mun kai Abba da yayarshi gidan Inna, muka jira ranar da rana ta fito sosai. Maigida da ƙanenshi suka fitar da gado da kujeru, suka kama bakin kafet suka fara naɗewa. Gani ya kori ji. A ƙarƙashi ƙura ce kwance mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, har zanen saƙar bayan kafet ɗin ya fito a kanta. Ta wajen gado, inda yara suka yi ta fitsari suna jarirai ina gogewa ta sama, bayan kafet ɗin ya yi baƙi, simintin wurin a jiƙe. A kusurwar yamma fumfuna ta hau har jikin bango. Ƙwayayen kyankyasai jere a gindin bango, da matattunsu da suka bushe. Warin da ya taso, turaren da nake yi kullum ne yake danne shi. Ƙanen maigida, wanda bai taɓa ciwon ƙirji ba, sai da ya fita yana atishawa ido na ruwa. Ashe tsintsiya saman kafet kawai take gyarawa, ta tada ƙura mai laushi sama, ƙurar ta dawo ta kwanta. A kan wannan ɗana ya koyi rarrafe, a kai yake wasa fuskarshi dab da ƙasa.

Katifar ma da na farke rigarta, soson ya fara marmashewa, ya yi duhu ta tsakiya. Ba mu da halin sabuwa a lokacin, sai na samo leda mai kauri irin ta kujerar mota, na ɗinke katifar Abba da matashinshi ruf, na bar su yadda za a iya gogewa da tsumma mai ruwa. Ledar tana da zafi, musamman watan Afrilu da Mayu da garin nan yake tafasa, don haka nake shimfiɗa mishi zanin auduga ninki biyu a kai. Bargon na ba da shi, na sayo gwado wanda hannu zai iya wankewa ya matse. Kujerun suka koma zauren maigida. Labulena na kwance, na ɗinka na yadi mara nauyi da zan cire in wanke in mayar a yini ɗaya. Aka toshe ramukan gindin bango da siminti, aka daina barin kwanon abinci a ɗaki ya kwana.

Likita ya ce ruwan da zai kashe ƙwarin nan sai ya kai zafin digiri 60. Ni ba ni da abin awo, abin da nake yi kowane mako in tafasa ruwa a tukunya, in zuba zannuwan gadonshi da rigar matashi a bokiti in kwarara musu, in rufe su ɗan jima kafin in wanke, sannan in shanya a tsakiyar rana har su bushe ƙarau. Yana cin gawayi, yana cin ruwa, amma bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Shara kuwa sai Abba ya fita, in yayyafa ruwa, in share a hankali, in bi da jiƙaƙƙen tsumma. Maganin sauro mai hayaƙi ya bar gidanmu, gidan sauro muke ɗaurawa, shi ma ina sauke shi in wanke, don samanshi yana tara ƙura ba kaɗan ba. Ragon layya da harawarshi suka koma can ƙarshen gida.

Wanda ya fi yi mini wuya shi ne turaren wuta. Mun tashi mun ga iyayenmu da kasko, ɗakin matar aure ba ƙamshi abin magana ne. Na gaya wa maigida zan bari, ya ce shi dai yaro ya yi barci. Humra nake shafawa kaɗan, ita ma ba kusa da Abba ba.

Magani iri biyu aka rubuta mana, duka na shaƙa. Shuɗin, salbutamol, wanda a farmasi aka fi sani da Ventoline, shi ne na gaggawa, cikin ƴan mintoci yake buɗe hanyar iska. Ɗayan, bekilometazon, kullum ake shaƙa safe da dare ko yaro yana lafiya, shi ne yake kwantar da kumburin ciki, in ya gama ya kurkure baki. Surukata Hajiya ba ta so ba ko kaɗan. Ta ce, "Kada ku saba wa mai sunan Malam da abin nan, in ya saba ba ya rabuwa da shi har tsufa." Na ce, "Hajiya, likita ya ce ba ya kama jiki, kuma barin shi ne yake kai yaro gadon asibiti." Ba ta yarda da bakina ba sai da wani dare ciwon ya taso a gabanta, aka fesa mishi, tana kallo numfashin ya daidaita. Yanzu ita take tambaya in za mu fita ko an ɗauko.

Ƙaramin yaro bai iya haɗa fesawa da jan numfashi a lokaci ɗaya ba, maganin sai ya tsaya a harshe. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mini dabarar robar ruwa ta rabin lita. Ta huda gindin robar daidai bakin abin shaƙar, ta cusa shi ya zauna daram ba inda iska take fita. A girgiza, yaro ya kama bakin robar da leɓe, a fesa sau ɗaya a ciki, ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar, sannan a sake in akwai na biyu. Ta ce in wanke robar da ruwan sabulu in bar ta ta bushe da kanta, kada in goge cikinta. Na ɗauka dabarar talaka ce kawai, sai ta ce likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada ta tun 1999, sun ga tana aiki daidai da wadda ake sayarwa da tsada. Ganin likita bai yi mana nauyi ba a lokacin, tunda tun 2006 aka ce a duba ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma abin shaƙa mu muke saya, kuma ba kullum ake samun na kullum ɗin ba. Maigida ya mai da shi ƙa'ida, kafin na hannu ya ƙare akwai wani ajiye.

Gori kuwa na sha shi. Da na haifi ƙanwar Abba aka cika ɗaki ranar suna, ina ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita wai karayar arziki ce ta sa muka sayar da kayan ɗaki. Wata ta ce mini a fuska, tela guda ɗakinta ba labulen kirki. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar ciwon nan wasa, wai tari ne, in ya girma zai bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma, ta kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, kuma cikin cututtukan da suke daɗewa a jikin yara ba wadda ta kai ta yawa. Ni da na ga leɓen ɗana a hasken fitila ba na jiran a gaya mini tana kisa.

Abba bai warke ba, asma tana nan. Amma daminar da ta biyo baya ba mu kwana asibiti ba, tarin asuba ya zama na jefi-jefi, atishawar safe ta ragu sosai, ya yi ƙiba, yana buga ƙwallo da sa'o'inshi. Ba zan iya raba muku nawa ne aikin magani nawa ne na gyaran ɗaki ba, tare muka fara su. Abin da na sani, duk sa'ad da muka kwana gidan biki a ɗaki mai kafet da turare, ko yana kan maganinshi sai ƙirjin ya yi fito kafin safiya. Don haka yanzu in tafiyar kwana ta kama, da tabarmarshi da zaninshi muke tafiya, in nemi alfarma a ba mu ɗakin da ba shimfiɗa.

Hunturu nashi yaƙin daban ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙurar hamada, har daga Bodele ta ƙasar Chadi, gari ya yi hazo, ka goge tebur yanzu an jima ka rubuta sunanka a kai. Wannan ba kafet ba ce da za a naɗe. Ina rufe taga ta gabas, in yawaita goge ƙasa, in sa mishi takunkumi da rigar sanyi da safe. Lokacin kaka ma, in ana sussukar gero a maƙwabta ƙaiƙayi yana tashi, cikin ɗaki yake zama. Da ya shiga lakwal na je na samu malaminsu na yi mishi bayani, na roƙi a cire Abba daga masu sharar aji da goge allo, a ba shi wani aikin. Malamin ya karɓa da hannu biyu, shuɗin abin shaƙar da robarshi suna cikin jakar Abba, kuma ya san yaushe zai ce a fito da su.

A wajen sana'a ban daina ɗinka wa amare abin da suke so ba, abincina ke nan. Sai dai yanzu kowace rigar matashi da ta kujera da zif nake yin ta don a iya cirewa a wanke, labule kuma ina nuna musu mara nauyi kafin mai nauyi. In uwar amarya ta tambayi shawarata a kan shimfiɗar ƙasa, nakan ce in da hali a sa tayil ko leda, a sayi ƙaramar darduma da mace ɗaya za ta iya ɗauka ta kai rana ta kakkaɓe. Wasu su ji, wasu su ce ɗiyarsu ba za ta shiga gidan miji a raina ta ba, kuma na fahimce su sarai. Waɗanda suka fi saurarona su ne masu yaro mai tarin dare. Su nakan shigo da su ɗaki in ɗaga zanin gadon Abba su ga ɗinkin ledar, in nuna musu robar, in ce su fara da kai yaron a duba shi.

Aikin da ya rage mana bangon yamma ne. Duk damina sai ya tsotso ruwa daga ƙasa, fumfuna ta dawo, in kankare in wanke, ta sake fitowa. Magini ya duba ya ce sai an fasa shafen ƙasan an sake shi da siminti mai ƙarfi, an kuma gyara magudanar bayan ɗakin. Na shiga adashe saboda shi, ɗaukata za ta zo kafin watan Yuni, kuma maigida ya riga ya yi magana da mai yashi.